Ƙarshen da Gara Ba Ta Ci Ba

A ƙauyenmu, kusa da Kore Mairuwa, gidajen Kirista ba su da yawa, namu na ɗaya daga ciki. Koyon Maganar Allah a gidanmu iri biyu ne, kuma ina yarinya na kasa haɗa su. Da safe Baba yakan zaunar da mu a tabarma, ya buɗe Littafi, ya bi layi da yatsa muna maimaitawa. Mutum ne mai tsanani. Hannu mai maiƙo ba ya taɓa Littafin nan, balle fensir. Da yamma kuwa, lokacin ɗari, in an gama cin tuwo, sai Kaka, mahaifiyarsa, ta hura wutar kara a bakin ɗakinta, ta binne gujiya a toka, mu kewaye ta. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma duk abin da ta ji a majami'a sai ta kawo shi gida ta sa masa kayan Arewa.

Akwai labari guda da ba ta gajiya da shi.

"Ku matso, wagga ba gatana ta ba," in ji ta. "Wani mutum na da ɗiya maza biyu. Ƙaramin yac ce a ba shi gonatai, yas saida ta, yat tahi kurmi."

A bakin Kaka, yaron motar kasuwa ya hau har Kotono. Can ya cinye komai, ya koma kiwon aladu, yunwa ta koro shi gida ba ko takalmi. Uban ya hango shi daga nesa, ya ruga da tsufansa ya rungume shi, ya sa aka yanka rago. Sai ga babban wan ya dawo daga gona da hauya a kafaɗa. Ya ji kiɗa, ya ji dalili, ya ƙi shiga. Uban ya fito yana lallashinsa a ƙofar gida. Daidai nan kullum Kaka take ɗaukar kara ta fara tonon gujiya.

"Kaka, ya shiga?"

"Tambayi ubanki, shi ka karatu."

Baba yana can gefe, ya ba mu baya, yana tufkar igiya. Bai juyo ba ya ce, "Inna, ba Kotono cikin Littahi."

"To ina yat tahi in ba can ba?"

Ni dai kaina ya ɗaure. Wa zan gaskata, mai karatu ko mai gujiya? Kuma shari'ar kanta ba ta zauna mini ba. A lakwal, wato makarantar boko, wanda ya yi aiki ake yaba wa, malalaci ya sha bulala. Yaya wanda ya sayar da gona zai ci rago, wanda ya yi noma ya tsaya a waje da yunwa? Ni bayan babban wan nake, amma ina so ya shiga, don tausayin tsohon ya hana ni sakat.

Da na fara iya haɗa baƙi, na roƙi Mama ta nuna mini wurin. Na bi shi da yatsa har inda uban yake lallashi, na duba gaba, sai ga wani labari daban. Na ce shi ke nan, gara ta ci ƙarshen, don ta taɓa gefen bangon Littafin da damina. Ran Lahadi na leƙa na fasto, shi ma nan ya tsaya. Na dawo ina gaya wa Mama gara ta je har gidan fasto. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce haka aka rubuta shi. Ban yarda ba. Ko Kaka da ba ta yi karatu ba, in ta ga dama takan kai tatsuniya ƙarshe, balle Allah. Rannan da Baba ya tafi gona na ɗauki fensir, na rubuta a ƙasan shafin da rubutuna mai kama da sawun kaji: ya shiga. Daga baya tsoro ya kama ni, na kwana uku ba na haɗa ido da shi.

Bayan girbi, wata rana da la'asar, wani ramammen mutum ya sauko daga amalanke da jaka ɗaya. Kaka ta yar da ƙwaryar da ke hannunta ta ruga. Ashe ina da baba ƙarami, Arzika, wanda ba a ambaton sunansa a gidan. Ashe shi ya sayar da rabonsa na fadamar kakanmu ya tafi Kotono. Ragon da Kaka ta turke don Kirsimeti aka yanka. Na tsaya ina kallo, na rasa ko labarin ne ya fito daga Littafi, ko mu ne muka faɗa ciki.

Baba bai shigo ba. Mama ta ba ni kwanon nama ta ce in kai masa bayan rumbu. Na tarar da shi zaune, Littafi a gwiwa, a buɗe daidai shafin nan.

"Wa yar rubuta wanga?"

"Ni ta, Baba."

"Ke kin gani ya shiga?"

"A'a. Amma in bai shiga ba, ina za shi kwana?"

Ina jiran mari. Sai ya rufe Littafin, ya karɓi kwanon, ya miƙe ya nufi cikin gida, ni ina biye.

Sun ci a kwano ɗaya da ƙanensa, wannan na gani da idona. Amma damina biyu gaisuwa kawai ke haɗa su, fadamar kuma har yau tana hannun wasu. Ko wannan shi ne shiga, ko rabin shiga ne, na girma ban sani ba. Ban kuma sani ba ko mu Kaka take koya wa a bakin wutar nan, ko ɗanta mai tufkar igiya.

Yanzu a Dogon Dutsi nake, ni ma ina karanta wa 'ya'yana da safe, ina kuma sa wa labarin kayan Arewa da yamma. Da Baba ya rasu, Littafinsa ni aka ba. Ranar da ƙaramar 'yata ta tambaye ni ko ya shiga, na buɗe shafin don in nuna mata wautata. Fensirina yana nan, bai goge ba. A ƙarƙashinsa, mutumin da ya hana kowa rubutu a Littafi ya ƙara kalma biyu da hannunsa: da ƙyar.