Sawun Kaza a Fatar Mesa

Yayana Ƙasimu gyartai ne, ɗinkin ƙwarya ya gada wajen mahaifinmu a Fagam. Duk matar da ƙwaryarta ta tsage, daga nan har Basirka, shi take jira ranar kasuwa. Ɗinkinsa ba ya ɓuya, don yakan gitta zaren ne ya fito kamar sawun kaza a kan rairayi. Mutum ne da ba ya iya wuce fasasshen abu. Ni Mero, da na dawo gidansa da zama bayan rasuwar mijina, na sha gaya masa wannan hali wata rana sai ya jawo mana magana. Ya kuwa jawo.

Shekarar da aka sauya kuɗi aka koma naira, wani kamfani ya zo da katafila yana share daji za a fitar da hanya. Dama sana'ar Yaya ta fara ja da baya, kwanon samira da roba sun cika kasuwa, 'yan tsofaffi da masu fura ne kawai suka rage masa.

Wata la'asar ina tankaɗe a tsakar gida sai ga shi da buhu a kafaɗa, yana nishi, rigarsa jina-jina. Na ce, "Yaya, nama ka samo mana?" Ya ce, "Matsa, Mero, marar lafiya ce." Ya sauke ya kwance bakin buhun. Innalillahi! Mesa! Kaurinta ya kai cinyata. Ban san lokacin da na tsallake turmi ba. Matarsa Batulu ta saki ludayi ta kurma ihu, har maƙwabta suka riƙa leƙowa ta saman danga.

Ashe katafila ce ta ture wani tsohon suri da take kwance a ciki, bakin ƙarfen ya tsarge mata gefe kusan kamu guda. Leburori har sun ɗauko sanduna sai ga Yaya ya dawo daga kasuwa. Ya yi ta roƙo, direban, wani Barnabas, ya kashe inji ya ce a bar masa ita tunda ya ji ya gani.

Na ce, "Yaya, ka haukace ne? Wannan ai ba ƙwarya ba ce!" Ko kallona bai yi ba. Ya rufe kanta da buhu, ya ɗaure jikinta a jikin azara da tsumma don kada ta nannaɗe shi, ya ce in jiƙo masa bagaruwa. Na rantse ba zan matso ba. Ƙarshe dai ni ce na riƙe kwanon, ruwan yana zubar mini a ƙafa. Ya wanke raunin, ya ɗauko basillarsa da zare, ya zauna ya ɗinke ta tsaf, yana gitta zaren yadda ya saba. Ya shafe da man kaɗanya, ya saka ta a tsohon rumbun da babu hatsi a ciki.

Kafin gari ya waye sau biyu labari ya kai ko'ina. Mata suka ce basillar da ta shiga naman maciji ba za ta taɓa ƙwaryar furarsu ba. Ya je maƙera aka yi masa sabuwa, ya riƙa nuna ta a kasuwa, a banza. Sai ya wuni a gindin tsamiya babu wanda ya miƙo masa ko ludayi. Mai unguwa ya kira shi ya ce an ba shi aron lokaci har ta warke, amma ranar da ta taɓa ko ɗan tsakon wani, a ranar za a kashe ta. Masu neman fata suka yi ta zarya a ƙofar gida, ya kore su. Batulu ta yi yaji, da ƙyar aka dawo da ita.

Ni kuwa bakina bai huta ba, kullum ina cewa a fitar da ita a rushe rumbun. In ce, "Ga angon mesa nan ya fito!" Ya yi murmushi ya wuce gona da tarkonsa, ya kamo ɓeraye da gafiya. Kullum in ya iso rumbun sai ya ƙwanƙwasa jikinsa da ƙotar basilla, ƙwas, ƙwas, wai kada ya firgita ta. Da farko ba ta ci. Bayan ta yi saɓa, ya cire zaren, sai ta fara karɓa. Har ta kai da ya ƙwanƙwasa sai ka ga ta ɗago kai tana jira. Tsigar jikina takan tashi, amma ba zan ɓoye ba, nakan laɓe in kalla.

Da damina ta faɗi rauni ya haɗe, sai tabo. Ya saka ta a buhu ya kai ta can cikin duwatsu, nesa da hanya da gonaki, ya sake ta. Ya dawo yana fara'a kamar wanda ya aurar da 'ya. Sana'a dai ba ta dawo ba, sai noma. In na yi masa gori sai ya ce, "Mero, ba tana can tana yawonta ba? Ya ishe ni."

Da kaka na raka shi kasuwar Basirka sayar da gyaɗa. Muna ratsa layin dukawa sai na ga ya tsaya cak. Wani baƙon maharbi ne ya shimfiɗa fatar mesa a ƙasa yana ciniki. A gefenta ga tabo, sawun kaza a jere. Wallahi ɗinkin Yaya ne.

Maharbin bai san mu ba. Ya ga Yaya ya ƙura ido sai ya ce, "Malam, ka ga ɓarna ko? Wani marar aikin yi ne ya ɗinke ta, ya lalata mini fata. Amma ban taɓa ganin irinta ba. Na zauna a gindin dutse ina buga ƙotar gatarina don ta shige da kyau, ƙwas, ƙwas, sai ga mesar ta fito daga rami ta nufo ni. Ba gudu, ba huci. Ta ɗago kai kawai tana kallon hannuna."

Na dafe ƙirji na ce, "La'ilaha illallahu!" Yaya ya durƙusa, ya bi tabon da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Ya ɗago ya dube ni, idonsa jawur, ya ce, "Ni na koya mata, Mero. Da na bar ta da tsoronta."

Bai sayar da gyaɗar ba. Muka koma gida. Ya wuce kai tsaye ya ɗauki taɓaryata, ya nufi rumbun. Mutumin da tun tasowarmu ban taɓa ganin ya fasa ko sakaina ba, ina tsaye ya rushe shi har ƙasa. Ni da na fi kowa matsa masa a kan a rushe rumbun nan, ni ce na riƙe masa hannu ina kuka, ina cewa, "Yaya, bari, don Allah bari."