Baƙuwar Gawon Kakata

Jiya a kasuwar Gwiwa na ga ana auna 'ya'yan gawo a kwano ana sayar wa masu awaki. Abin da muke tattakawa da ƙafa muna yara! Na tsaya ina kallo har mai babur ɗin da ya ɗauko ni ya fara yi min tsaki.

Gawo ɗaya gare mu a gonar bayan gari, kuma kowa ya san na kakata ne. In ba ka san gawo ba, da damina yake kakkaɓe ganye, sai ruwa ya ɗauke yake tofo. To daidai lokacin nan wata 'yar tsuntsuwa take sauka a kansa. Ba ta kai gwara girma ba. Bayanta kore-kore, ƙirjinta rawaya-rawaya, bakinta siriri kamar ƙaya. Ba ta zama wuri ɗaya, daga wannan reshe sai wancan, tana leƙa ƙarƙashin ganye tana tsintar tsutsa. Baƙuwa kakata take ce mata, don ba wanda ya taɓa ganin sheƙarta ko ƙwanta. Duk rani ba ka jin komai daga bakinta sai ɗan kukan "tsit". Sai bazara ta matso, ta yi ƙiba, sannan ta saki wata siririyar waƙa mai gangarowa ƙasa. Kwana kaɗan ka neme ta ka rasa.

Idon kakata ya riga ya dushe, da kunne take bin ta. Ni ce mai kai ruwa a kasko gindin gawon, ina tafe ina mita.

"Ke dai zuba," take cewa. "Kin san daga inda ta taso?"

Shekarar da tsuntsayen jan-baki suka faɗa wa dawar garinmu, maza suka taru suka yanke cewa a sare duk itacen da tsuntsu ke sauka a kai. Baffana, ƙanin mahaifina, shi ke noma gonar. Ya shigo gida da gatari a kafaɗa, ya durƙusa.

"Inna, gawon nan zai tafi. Da idona na ga tsuntsu a kai."

"Wane iri?"

"Tsuntsu ai tsuntsu ne, Inna."

"Kai, dubi bakin Baƙuwa mana! Da wannan bakin za ta fasa ƙwayar dawa? Jan-baki a ciyayin fadama suke kwana. Je ka can in ƙarfi ke damunka."

"Kowa ya sare nasa. In bar namu, a ce mu muka ja wa gari?"

Ya miƙe ya fita. Daga tsakar gida muke jiyo sara, har ƙarar faɗuwarsa. Ranar kakata ko tuwo ba ta ci ba. Jan-baki kuwa suka ƙarasa dawar tas, kamar ba a sare komai ba.

Da ruwa ya sake ɗaukewa, kullum safiya sai ta tambaye ni, "Kin ji ta?" In ce a'a. Ban iya ƙarya ba, ban kuma ga amfaninta ba. Daga baya ta daina tambaya. Kafin shuka ta rasu.

Yanzu baffa ya tsufa, yana kukan wurin nan ba ya ba da hatsi sai da takin zamani. Bara ya dasa dogon yaro a gurbin, ya kira ni in gani, wai ai ya maida wa Inna itacenta. Na ce masa Allah ya raya. Ganyen dogon yaro ɗaci gare shi, ko tsutsa ba ta son sa. Me Baƙuwa za ta zo ta ci?