Hajiyar Doya Ta Rama

Edita, ina 'yar shekara goma sha shida a Keffi, ni mutum biyu ce. A gida 'yar mai sayar da doya ce, mahaifiyata daga Panda take saro ta. A waya kuwa 'yar Abuja ce, mai hoto a jikin motocin mutane da mayafin aro. Mabiyana suka yi yawa har na fara yarda da ƙaryar, idan Inna ta aike ni sai in ji kamar an zage ni.

A makaranta mutum ɗaya ce ta san gaskiya, aminiyata da muke aji ɗaya, 'yar limamin unguwarmu. Wata rana ta ɗauke ni bidiyo ina sauke doya daga bayan mota, zanina duk ƙasa, ta haɗa da hotunana na gayu ta saka a intanet. Kafin Asabar duk makaranta Hajiyar Doya ake kirana. Da na tare ta, dariya ta yi, wai ai wasa ne, in daina ɗaukar kaina da zafi. Wallahi sati biyu ban iya cin abinci ba, ba abin da nake so illa in ga ta yi kuka.

Ina da bidiyonta tana tiƙar rawa a ɗakina ba ɗankwali. Na sayi sabon layi, na jira Juma'a aka sauko daga masallaci, lokacin da kowa ke duba waya, na tura wa guruf ɗin unguwa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har raina. Mahaifinta ya cire ta daga makaranta saura sati uku jarrabawar fita, ita da take burin zama nas. Ko a jikina, na ce ita ta fara.

Inna ce ta gane labulen ɗakina a bidiyon. Ba ta dake ni ba, ta dai ce, “Ita doya ta nuna. Ke kuma kunyar wa kika ji, in ba tawa ba?”

Yau ina jami'a, ita tana gida. Har yanzu in na tuna dariyarta zuciyata tafasa take, kuma wannan shi ke ba ni tsoro. 'Yan mata, ku kiyayi zama wadda kuka ƙirƙira a waya. Ni saboda wata yarinya da babu ita a duniya na kashe karatun wadda muka tashi tare.