Baba Sharfu da Kunnen Jitar Lukuman

Duk wanda ya saba bin layin masu gyara a kasuwar Gwarzo ya san rumfar Malam Sharfaddeen, wanda muke ce wa Baba Sharfu. Tun hantsi yake zuwa, ya share gaban rumfa, ya shimfiɗa buhu, ya jera fankoki da injinan markaɗe da aka kawo masa riwayin, wato sake naɗin waya. Da su yake ci. Amma can ciki akwai wani gwangwanin madara da ba ya bari kowa ya taɓa. A nan yake ajiye abin da yake kira kunnen jita.

Ga wanda bai sani ba, jitar lantarki ba ta da murya sai da wani ɗan abu da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyinta. Mayen ƙarfe ne aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashi. Shi yake jin motsin tsirkiya ya kai wa lasifika. In ya mutu, jita ta zama katako. Sauya wannan kunnen da gyara shi yadda zai dace da mai kiɗa, shi ne aikin da Baba Sharfu ya tsufa a kai, kuma a duk yankin nan ban san wani da ya iya ba.

Ba ya sa wa mutum kunne sai ya zaunar da shi a benci ya ce ya yi waƙa da baki. Nasir mai kalangu ya shaida mini ya sha ganin an yi fushi da shi a kan haka. Mutum ya zo da gaggawa, shi kuwa ya ce jita rakiyar murya take yi, to ta yaya zai zaɓar mata kunne bai ji wanda za ta raka ba?

Wannan da ne. Yanzu biki sai a kira yaro da memori cike da waƙoƙi ya danna. Masu jitar da suka cika bencin nan, wani ya rasu, wani ya koma acaɓa, wani yana sayar da fetur a galan. Saura Lukuman na Kabo kaɗai, shi ma filin da ya rage masa ɗaya ne, kalankuwar Gammo bayan an gama girbi. Bara a wurin jitarsa ta kunyata shi. Cikin kunnuwanta biyu ɗaya ya mutu, ɗayan ya riƙa ɗaukar gurnanin janareta har ya rufe waƙa. Mudassir, shugaban samarin garin, ya gaya masa a gaban mutane cewa in bana ma haka ne, to ya huta, mai memori za su ɗauka.

Lukuman ya shiga Kano ya ce a ba shi kunnen da ya fi kowanne ƙarfi. Ya ɗauka ƙara ita ce magana. Da aka sa, jita ta koma kamar ana dukan kwano, tana kuwwa da kanta ko ba a taɓa ta ba. Sannan ya tuna da Baba Sharfu.

Abin da Lukuman bai sani ba, idon tsohon ya tafi. Yanar ido ta rufe na dama, na hagun ma inuwa yake gani. Fanka yana iya lalubawa, wayarta da kauri. Amma wayar kunne?

Da Lukuman ya kawo jitar, Baba Sharfu bai gaya masa ba. Ya ce ya zauna ya yi waƙa. Da ya gama sai ya ce, "Lukuman, kai kiɗan garaya kake yi a kan jita, ɗaya bayan ɗaya kake kaɗa tsirkiya. Wannan abin da ka sayo na masu hayaniya ne. Mayensa ya yi ƙarfi, yana janye tsirkiya, ba ya barin ta ta huce. Bar min jitar."

Gida ya kai ta. Inna Dela, matarsa, ita ta ba ni labarin sauran. Ya ɓare sabon kunnen, ya cire mayensa, ya sa na tsohon kunnen da ya mutu, wanda shekaru suka tausasa. Ya zauna a tsakar gida inda rana ta fi haske yana warware waya a hankali, don ya ce ta yi yawa, shi ya sa muryar ta toshe. Wayar ta riƙa tsinkewa. In ta tsinke ba ya ganin bakinta, sai ya kai leɓensa yana shafawa har ya ji ta soke shi. Da aka zo liƙa dalma, hannunsa ya san hanya amma ido babu. Inna Dela ce ta tsuguna tana ce masa dama, hagu, tsaya.

Ta ce da shi, "Malam, aikin da ka hana ni taɓawa tun ina amarya, yau ni ce idonka?"

Ya ce, "Ke dai duba waya, ki bar tsohon zance."

Ya kifa mayen kunne ɗaya, ya juya wayoyinsa, don su biyun su cinye gurnanin janareta tsakaninsu. Ya narka kakin zuma a gwangwani, ya tsoma su ciki har suka sha, don kada su sake kuwwa. Kakin ya ƙona masa yatsu biyu. Na ga tabon.

Ranar kalankuwa bayan la'asar na ɗauki Baba Sharfu a mashin muka je Gammo. Janareta na ta ruri a bayan fili. Lukuman ya taɓa tsirkiya, sauti ya fito garau, mai taushi, kamar garayar da muka ji muna yara. Wata tsohuwa ta ajiye tallan ƙosanta ta shiga fili. Da waƙar farko ta ƙare, Baba Sharfu ya damƙe min hannu.

"Ka ji?"

Na ce ai an tsaya, ba a kiɗa komai.

Ya ce, "Shi nake nufi. Babu gurnani."

Lukuman bai kai ƙarshen waƙa ta gaba ba Mudassir ya zo ya durƙusa kusa da shi da ladabi. Ya ce wallahi jita ta yi daɗi, ba ta da laifi ko kaɗan, amma samari sun matsa, rawa suke so. Aka zare wayar jita daga lasifika, aka sa ta mai memori. Ashe tun farko ba gurnanin ba ne.

Baba Sharfu, kai ne ka ba da ragowar idonka don kada wani ya ji kunya a gaban jama'a, kuma bai ji ba. Kai ne mai sauraron mutum kafin ka taɓa kayansa. Ba a taɓa kiran sunanka a lasifikar da ka gyara wa murya ba. Ni na kira yau, ko da babu mai ji.

Na so in ce matasa su zo su koya, amma ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Sana'ar nan ba za ta ciyar da ku ba, kuma ba jitar da za a kawo muku. Abin da zan ce kawai, duk aikin da kuke yi, ku yi shi yadda tsohon nan ya yi nasa, ko da kun san za a zare wayar.

Satin jiya ya rufe rumfa. Ya raba kayan aikinsa ga maƙwabta, gwangwanin nan kaɗai ya tafi da shi gida. Mun gode, Baba. Allah Ya saka maka, Ya buɗe maka ido. Inna Dela ta ce har yanzu da hantsi yakan fito da gwangwanin ya zauna a rana, yana shafa kunnuwan ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin sunan mai kowanne.