Bambaron da Aka Ba Kawu Kyauta

Kawuna ya yi shekara ashirin da bakwai yana dakon buhuna a wani sito, har ranar da bayansa ya ce ya gaji. Likita ya hana shi sunkuyo. Da ya dawo gida ba abin da ya rage masa sai filin bayan ɗakinsa, taku goma sha biyar ne tsawonsa, sai kuma rijiya.

Nan ya yi lambu, kuma lambun da ba a sa masa fartanya. Yakan roƙo kwalaye a shaguna, ya ɓare ledar jikinsu, ya shimfiɗa a hanyoyin da ke tsakanin fangali da fangali, wato 'yan filayen da yake shuka a ciki. Saman ƙasar kuma sai ya lulluɓe da busasshiyar ciyawa mai kaurin tafin hannu. Latas yakan dasa shi kusa da kusa, don inuwar ganyen ta hana haki tsirowa. Tsohon tiyo ya huhhuda da ƙusa ya kwantar a gindin tumatir, ruwa na ɗiga inda ake bukata kawai.

Maƙwabcinsa kafinta yakan leƙo ta katanga ya ce, "Sarkin hutu, yau ma kan kujera za a yi noman?"

Kawu ya ce, "Kai dai kawo kwandonka in cika maka."

Ni ke zuwa duk Asabar in taya shi tsinkar tumatir. Abin da kullum yake kuka da shi, ciyawar rufin ba ta isarsa. Rana tana cinye ta, ruwa yana ruɓar da ita.

Wata Asabar na tarar da tifa ta toshe layinmu, ta juye bambaro har ya kai tsayin taga. Direban ya ce daga wata babbar gona aka ce ya kwashe, da ma neman wurin zubarwa yake. Kawu ya tambaye shi me za a ba shi.

Ya ce, "Baba, ko ruwa ba sai ka ba ni ba." Bai ma kashe motar ba.

Bambaron mai kyau ne, fes, babu ƙaya, babu kwaro ko ɗaya. Inna, matar Kawu, ta ɗebi kaɗan ta sansana, ta yar.

Ta ce, "Malam, kaji ma sun ƙi tona shi."

Ya ce, "Kajinki sun ƙoshi ne."

Ya rufe lambun gaba ɗaya. Ragowar ya raba: baro uku ga kafinta, biyu ga wata gwauruwa mai sayar da kayan miya a ƙofar gidanta, ɗaya ga malamar makarantar da ke ƙarshen layi.

Sati uku ba haki ko ƙwaya. Da farko Kawu yana ta murna, daga baya murnar ta ragu. Ko a da akwai 'yar ciyawa mai taurin kai da ke ɓullowa ta gefen kwali, yana tsinke ta da sandarsa. Yanzu ita ma babu. Lambun ya yi tsit.

Sai tumatir ya fara. Sabon ganyen da ke sama ya nannaɗe, ya dunƙule kamar hannun jariri, ya yi kauri. Fure ya zube. Wake ya fito a karkace. Kawu ya ce zafi ne, ya ƙara ruwa, abin ya ƙara muni.

Na je na kira malamar gona. Ta zo ta tsuguna, ta juya ganyen. Sannan ta tambayi inda bambaron ya fito. Da Kawu ya faɗa mata, ta ce a samo gwangwani biyu. Ɗaya aka cika da ƙasar lambun, ɗaya da ƙasar tsakar gida, aka shuka wake a kowanne.

Ta ce, "Akwai maganin ciyawa da ba ya mutuwa da wuri. Yana zama a jikin bambaro, ruwa ya wanke shi zuwa ƙasa. Mu jira mu gani."

Gwangwanayen suna kan tagar Inna kwana goma sha biyu. Kawu yakan duba su kafin ya karya kumallo. Waken tsakar gida ya buɗe ganye shar. Ɗayan ya fito, ya lanƙwashe, ya tsaya.

Malamar gona ta dawo ta gani, ta ce a kwashe bambaron duka, kada a ƙona, kada a ba dabba, don maganin yana fitowa a takinta. Kawu ya ce ƙasar fa, yaushe za ta warke? Ta ce wataƙila shekara, wataƙila fiye, ba za ta yi masa alkawari ba.

Da ta tafi ya juyo wajena. Ya ce, "Ɗauko min sandata."

Gida gida muka bi. Kafinta ya ji, ya juya ya shige ciki. Malamar makaranta ba ta riga ta shimfiɗa nata ba. Gwauruwar ce ta ja mu bayan gida, ta nuna mana barkononta duk a murɗe.

Kawu ya ce, "Baiwar Allah, ni na jawo miki. Ki yafe ni."

Ta ce, "Ai da alheri ka ba ni, Baba. Amma na ba ƙanwata rabi, ita kuma akuyoyinta ta zuba wa. Takinsu mutane ke zuwa ɗiba."

Kawu ya jingina da bango. Ya tambaye ta mutum nawa. Ta fara lissafawa da yatsu, ta ƙare hannu ɗaya ta shiga na biyu.

Bana ya shuka albasa a buhuna, da ƙasar da na kawo masa daga wajen gari. Lambun yana nan a tone, fayau. Direban tifar ba mu sake ganinsa ba, sai dai ɗan kafinta ya ce ya hango irin motar a hayin gada, tana juye kaya a bakin lambunan can.