Gatarin Tsohon Direba

A ƙarshen layin masu walda akwai wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, inda mutumin da ake kira Baba Mai Tsatsa ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ba maƙeri ba ne, in ka kira shi haka ma sai ya ɓata rai. Tsofaffin makamai yake gyarawa: takobin da ya ƙi fita daga kube, mashin da aka tsinta a bayan akwati, gatarin da gara ta cinye wa ƙota. Yakan bi tsatsa da mai da tsumma a hankali, don kada ya goge zanen da maƙerin farko ya bari.

Tun da matarsa ta rasu, aiki kuma ya kai ɗansa nesa, sai ya kwaso katifarsa ya dawo bayan shagon. Wayarsa takan daɗe ba ta yi ƙara ba. Masu walda kuwa da hannu suke gaisuwa saboda ƙarar inji. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, amma ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba.

Ana nan sai ga wani tsohon direba da gatarin kakansa a buhu.

"So nake in gan shi yana ƙyalli yadda na san shi ina yaro, kafin in miƙa wa jikana," in ji shi.

"Ka dawo jibi," Baba ya ce.

Direba ya dawo, ya baje a benci, ya hau surutu. Ya ba da labarin hanyoyi da fasinjoji, suka yi musu a kan wanda gwiwarsa ta fi ciwo. Rabon Baba da irin wannan dariya har ya manta.

Aikin bai ɗau lokaci ba. Ya sa sabuwar ƙota, zanen ganye ya fito raɗau a jikin ƙarfen. Amma Baba ya san halin masu kawo gyara, da sun karɓi kayansu shi ke nan, sai godiya daga bakin ƙofa. Sai ya naɗe gatarin a tsumma ya tura ƙarƙashin katifa.

"Malam, ina labarin gatarina?" direba yakan tambaya.

"Tsatsar ta yi zurfi, ba a yi mata gaggawa."

"Kai dai Allah ya shirye ka! Da mota ce da tuni fasinjoji sun sauka sun kama tafiya a ƙasa."

Haka suka yi ta yi har watanni suka shuɗe. Sai kuma direba ya ɗauke ƙafa ɗif. Baba yakan goge bencin da safe, ya yi ta duban bakin layi.

Wata safiya wata mata ta yi sallama, ta ce ita 'yar direban ce, mahaifinta ya rasu.

"A asibiti ya yi ta tambaya ko an gama," ta ce. "Na ce masa tukuna."

Baba ya shiga ciki ya ɗauko gatarin, ya warware tsumman. Ƙarfen ya ɗau ido.

"Kai, da ya ga wannan!" Ta share hawaye. "Kullum cewa yake ranar da ka gama zai sayo kujera mai jingina ya ajiye a shagon nan, don bencinka yana sa masa ciwon baya."

Baba ya juya ya dubi bencin. Ta sa gatarin a buhu, ta yi godiya daga bakin ƙofa, ta tafi.