Ɗamarata a Hannun Surukina

Na haura shekara hamsin kafin in fara sauka cikin kwazazzabo da igiya. Kafin nan, tsayin da na saba da shi bai wuce na matakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, wadda ke fito da ni kowace safiya a arewa maso yammacin Washington, inda nake karanta labarai da Hausa a rediyo.

Mijin 'yata ta fari ne sila. Injiniya ne, mutumin Zariya, suna zaune a Mitchellville. Da kaka yakan ɗauki hutu ya tafi hamadar Utah da wasu abokansa biyu Amurkawa, su shiga tsagin duwatsun da ruwa ya rarake, su riƙa sauka da igiya hawa-hawa har su ɓulla ta ƙasa. Wata Sallah suka zo gaisuwa gidanmu a Springfield, 'yata ta nuna mini hotunan a waya. Shi yana can bakin ƙofa a kan darduma, kansa a sunkuye. Tunda ya auri yarinyar bai taɓa zama kan kujera a gabana ba, bai taɓa cin abinci ina gani ba. Ni ma ban taɓa kiran sunansa ba. Injiniya nake ce masa.

Na daɗe ina kallon wani hoto na bango ja mai santsi, da ɗan ɗigon mutum a rataye a tsakiyarsa. Na ce, "Ana zuwa da dattawa?"

'Yata ta yi dariya har da riƙe ciki. Injiniya ya ce, "Ana zuwa, Baba."

Duk hunturun shekarar na yi shi a wani ɗakin koyon hawa da sauka. Na koyi ɗaura ɗamarar da ke riƙe ƙugu da cinyoyi, da zura igiya cikin ƙarfen sauka, da murza makullin ƙugiyar da ke haɗa su. Da kaka ta zagayo muka tafi.

Ban yi tsammanin abin zai shiga raina haka ba. Rabin rayuwata na yi ta a ɗakunan da aka lulluɓe da soso don kashe amo, ina ganin na san shiru. A cikin tsagin nan na ji numfashina yana bugun dutse yana dawowa. Wani wurin sai an karkata ake wucewa, sama ta koma siririn zare shuɗi, sanyi na fitowa daga bango alhali rana na ƙona duniya a waje. Idan kowa ya sauka hawa na farko, sai a janyo igiyar ta faɗo. Daga nan babu komawa sama, sai gaba. Da na ga igiyar ta zube a gabanmu, hankalina ya kwanta irin kwanciyar da yake yi idan jar fitilar fara shiri ta kama a ɗakin labarai.

Akwai ƙa'ida guda da ba a tsallakewa. Kafin mutum ya juya wa bakin rami baya, abokin tafiyarsa zai kama ɗamararsa ya jijjiga, ya taɓa ƙugiya, ya faɗi da ƙarfi cewa komai ya yi. Kowa na mantuwa, shi ya sa aka kafa ta. A tafiyar farko Amurkawan ne suka riƙa duba ni.

A ta biyu mu uku ne, ni da Injiniya da abokinsa ɗaya. Abokin nasa ya sauka farko don ya riƙe ƙarshen igiya, aka bar ni da Injiniya a sama. Na saƙala ƙugiya, ban murza makullinta ba. Ya gani daga inda yake tsaye, hannuwansa a baya.

"Baba, ko za a ɗan huta tukuna?"

"Ban gaji ba."

Na fara ja da baya.

"Na ga kamar iska ta ɗan taso."

"Ina iskar take?"

Dugadugaina sun kai baki lokacin da ya ce, "Allah ya ƙara wa Baba lafiya, da dai an sake duba ƙugiyar." Na duba, na murza, na sauka lafiya. Da ya iso ƙasa ya shiga naɗe igiya.

Bayan mun dawo 'yata ta kira ni. "Baba, ya ce ba zai sake tafiya da kai ba."

"Laifin me na yi?"

"Ba laifi. Ya ce ba zai iya kama ƙugunka ya jijjiga ba, ba zai iya ɗaga maka murya ba. Ya ce wata rana kafin ya gama gaisuwa ka faɗi. Ni kuma ban yarda ka tafi da kowa ba sai shi."

Gaskiya ya faɗa. Tarbiyyar da ta sa na ba shi 'yata ita ce za ta raba ni da dutsen. Ban so ya yar da ita ba, ban kuma so in zauna a gida ina kallon hotuna ba.

Na nemi izini a wurin aiki, na gayyace shi ya zauna bayan gilashi ana ɗaukar shiri. Mai kula da sauti ranar yarinya ce da 'yata ta girme ta. Ina tsakiyar jimla ta ɗaga hannu, ta ce a kunnena, "Tsaya. Maimaita." Na tsaya, na maimaita. Da muka fito na ce masa, "Ka ga ta raina ni?"

"A'a, Baba."

"A farfajiya za ta gaishe ni da ladabi. A nan ciki ita ce da iko, don tana jin abin da ba na ji. In ta ji kunyata, kuskuren ya tafi kunnen jama'a."

Ya gyaɗa kai, amma na san gyaɗawar ladabi ce. Don haka na ɗaura igiya a barandar katakon da ke bayan gidana, na ce ya riƙa zuwa ranar Asabar. Nakan bar wani abu a kwance da gangan, in tsaya ina jira. Asabar ta farko ya yi tari. Ta biyu ya nuna da yatsa daga nesa. Uwargida ta leƙo ta tagar kicin ta ce, "Malam, tsofai-tsofai da kai kana lilo a bayan gida? Maƙwabta fa na kallo. Kai kuma Injiniya, ka biye masa!"

Sai wajen ƙarshen bazara ya sa hannu a ɗamarata, ya ja kaɗan, fuskarsa na kallon katanga. Na ce, "Akuya ma ba ta ji wannan jan ba. Sake." Ya sake, har na yi tangaɗi.

Kakar da ta biyo baya muka shiga wani kwazazzabo da saukarsa ta ƙarshe ta fi duk wadda na taɓa yi, bangon ya shige ciki ta yadda mutum zai rataye a iska ƙafarsa ba ta taɓa komai. Na murza makulli, na duba sau biyu. Na juya baya.

"Tsaya nan! Kar ka motsa!"

Muryar ta bugi bango ta dawo. Na tsaya cak. Ya tako ya damƙi ɗamarata, ya zaro gefen rigata da ya fara shiga ƙarfen sauka, inda zai cije igiyar ya maƙale ni a tsakiyar hanya. Ya cusa ta cikin wando kamar mai shirya yaro makaranta, ya jijjiga ni, ya dube ni ido cikin ido.

"Ya yi. Sauka."

Na sauka a hankali, ina juyawa a iska, jan dutse na wucewa a gabana, har takalmina ya taɓa yashi. Na kwance igiya na ɗaga murya na sanar da shi.

Da ya iso, azahar ta yi. Muka yi taimama, na ja mu salla. Bayan mun sallame na buɗe jaka na miƙa masa kilishi. Ya karɓa da hannu biyu, ya koma bayan wani dutse, ya juya mini baya ya ci.